Kabarin da Mama Ta Zaɓa

"Tun yaushe ka sani, Baba?"

Dakta Lurwanu bai dube ta ba. Ya kashe motar a gindin dabinan da ke bakin layinsu a unguwar Ranuna ta Madina, ya bar hannuwansa a kan sitiyari kamar mai jiran a ba shi hannu ya wuce.

"Tun ranar da hoton ya iso."

"Wata uku ke nan!" in ji Innayatu. "Wata uku Mama tana yi wa kabarin wani ƙato kuka, kai kuma kana gefe kana zuba mata shayi?"

"Ba na jin ƙato ne. Sunan irin na dattawa ne."

"Baba!"

"To Uwata, me kike so in ce? Na gani, na karanta, na haɗiye."

Abin da ya faru da rana ba shi da tsawo. Innayatu tafinta ce a wani otal kusa da Harami, ita ce bakin alhazan da ba su jin komai sai Rashanci, mutanen Dagestan da Tatar da Uzbek. Bayan azahar aiki ya lafa, sai ta buɗe hoton kabarin Anti Seda, yayar mahaifiyarta, wadda ta rasu bara a Yerevan, babban birnin Armeniya. Jikar marigayiyar, wata yarinya mai suna Nare, ita ta turo hoton ranar da aka kafa dutsen. Duwatsu biyu ne a jere, furanni sun rufe ƙasansu har shekarun haihuwa da na rasuwa ba su fito ba, rubutun sama kuwa duk da haruffan Armeniyanci ne. Ranar da hoton ya iso, Mama ta dube su sau ɗaya ta ɗora yatsa a kan na hagu, baƙi mai sheƙi da aka zana wa reshen rumman. Ta ce, "Wannan ne. Seda da son rumman." Ta yanke hoton ta bar shi kaɗai a fuskar wayarta.

Yau, don kawai hannu ba ya zama banza, Innayatu ta sa manhajar fassara ta karanta mata rubutun. Manhajar ta ce Hovsep. Ta sake gwadawa har sau uku, ta ce Hovsep. Seda tana kan dutsen dama, ɗan toka-toka marar ado, wanda Mama ta yanke ta zubar.

"Ka iya karanta haruffansu, ashe," in ji Innayatu.

"Shekara bakwai na yi a garin. Da Rashanci muka yi likitanci, amma motar haya ba ta san wannan ba. In ba ka karanta goshinta ba, sai ta kai ka inda ba ka aiki kowa ba." Ya sauke numfashi. "Ki bar ta da dutsenta. Me zai ragu? Seda ba ta cikin na hagu, ba ta cikin na dama. Kuka dai kuka ne, ya san inda za shi."

Innayatu ta juya ta kalli gidansu, zuciyarta cike fal. Wace ɗiya ce za ta so ta zama wadda za ta shiga ta ƙwace wa uwarta abin da take riƙe da shi?

Sunan Mama a takardu Amatullah, sunan da ta zaɓa ranar da ta musulunta. Baba kaɗai ke kiran ta Karine. Matan unguwa kuwa, 'yan Kano da 'yan Damagaram da waɗanda kakanninsu suka zo aikin hajji da ƙafa suka zauna, duk Hajiya Rusiya suke ce mata. Shekaru ta yi tana gyara musu: "Ni Ba'armeniya ce." Sai su ce, "To wane yare kike yi da 'ya'yanki?" Ta ce Rashanci. Su ce, "To ai shi ke nan." Har ta gaji ta riƙa amsawa.

Gaskiyarsu ta wani gefen. A Baku aka haife ta, wajen ƙasar Armeniya, a gidan Armeniyawan da suka sa 'ya'yansu makarantar Rashanci don su samu abin yi. Duk Armeniyar da Innayatu ta sani, a cikin Rashanci aka naɗo mata ita, kamar yadda Mama ke naɗe nama da shinkafa a ganyen inabi. Dutsen Ararat mai farar hula, ƙauyen kakanni a kan tsaunuka, kakar da ke manna gurasa a bangon tanderu da hannu tsirara, yadda ake zuba wa jariri dafaffiyar alkama a ka ranar da haƙorinsa na fari ya fito, duk da Rashanci aka ba ta su. Kowace Asabar bayan la'asar Mama da Anti Seda sukan raba awa guda a waya da harshen nan, suna dariya, suna faɗa a kan gishirin miya. Addini ya raba musu hanya, bai raba musu nono ba.

Da Seda ta tafi sai zaren ya koma hannun Nare, 'yar shekara goma sha tara. Ita kuma da Armeniyanci take rubutu, ta ɗora Turanci a ƙasa. Tun farko ta faɗa, ba ɓoye-ɓoye: Rashancinta gurgu ne, kuma ita da sa'o'inta zuciyarsu ta fita daga gare shi. Mama ta ji wannan ta kife wayar. Saƙo tara yarinyar ta turo, ko ɗaya ba a amsa ba.

"Jiya ta turo mini na goma," in ji Innayatu. "Ni ta turo wa, ba Mama ba. Ta ce in shirun Anti Karine amsa ce, to sun ji, ba za su ƙara damun ta ba. Baba, mutum nawa suka rage wa Mama a can?"

Ya kau da kai, sai ta amsa da kanta.

"Ita kaɗai ce. In Nare ta rufe ƙofa, halas, shi ke nan, Mama ba ta da kowa sai dutsen Hovsep."

"Ba ki san abin da kike taɓawa ba." Ya cire tabarau ya murza idanunsa. "Na taɓa gaya miki yadda muka haɗu?"

"A layin burodi. Sau ɗari."

"Rabin na gaya miki. Lokacin da rikici ya koro su daga Baku, suka iso Yerevan da akwati biyu, suna cewa sun zo gida. Ta shiga layi cikin sanyi, ta kai gaba, ta nemi burodi da Rashanci. Mai sayarwar ta dube ta sama da ƙasa ta ce, ga wata juyayyiya, wadda aka juya kamar riga ciki ya koma waje. Layi ya ɗauki dariya. Uwarki ba ta ma ji abin da aka ce ba, dariyar kawai ta ji. Ni ina bayanta, na ji. Sai na miƙa wuya na ce da Armeniyancina na kasuwa, ba ta guda biyu." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Baƙin mutum daga Kano ya saya wa Ba'armeniya burodi da yaren kakanninta. Na zaci bajinta na yi. A hanya ta matsa sai na fassara mata abin da matar ta ce. Na fassara. A gabana ta rantse ba za ta taɓa koyon harshen da aka zage ta da shi ba. Shekara talatin da biyar, ko harafi ɗaya."

Hawaye ya zubo wa Innayatu, ta share da gefen mayafinta da ƙarfi, kamar tana jin haushinsa.

"Ka tare mata a ranar nan, Baba. Ka tare mata yau. Har yaushe za ka yi ta tsayawa a bayanta a layi?"

Ta buɗe ƙofar motar. Ya kira ta sau ɗaya, "Uwata," amma bai hana ta ba. Da ta kai ƙofar gida ta ji takunsa a bayanta.

Ƙamshin tafarnuwa da na'ana'a ya tare su tun daga matattakala. Mama na zaune a falo da faranti a cinya tana naɗe tolma, naman nan da shinkafa a ganyen inabi, maƙwabciyarsu Iyatu na gefe tana taya ta da baki.

"Wallahi Hajiya Rusiya, wannan waraƙ inab ɗin naki ya fi na Shamawa. Amma da za ki ji shawarata, ki ɗan sa yaji, ya'ani shuwayya kawai."

"Tolma sunansa, Iyatu. Kuma ranar da na sa masa yaji, ki sa wa fura gishiri."

Hausar Mama ta Kano ce tsaf, shekara goma ta yi a Gwammaja kafin aiki ya kawo su Madina, sai dai har yau harshenta yakan yi nauyi a wasu wurare. Iyatu ta dubi fuskar Innayatu, ta dubi ta Dakta, ta ce la'asar ta yi nisa, ta ɗauki kwanon da aka zuba mata ta yi sallama.

Innayatu ta durƙusa a gaban uwarta. Duk hanyar matattakala tana shirya kalmomi masu laushi, da ta buɗe baki sai suka watse.

"Mama, dutsen da ke wayarki ba na Anti Seda ba ne."

Hannun Mama ya tsaya da ganye a buɗe.

"Na dama ne nata. Wanda kika yanke."

"Wa ya ce?"

"Waya ta karanta mini. Baba ma ya karanta."

Mama ta juya a hankali ta dubi mijinta. Dakta Lurwanu, mutumin da ya sha gaya wa iyalai mugun labari ba tare da ya ƙifta ido ba, ya sunkuyar da kai yana nazarin kafet.

"Lurwanu. Ka sani?"

"Na sani, Karine."

"To wane ne wannan?"

"Wani ne Hovsep."

Mama ta ajiye ganyen, ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"Hovsep," ta ce. "Kowace safiya, wata uku. Na gaya masa ciwon gwiwata. Na gaya masa Innayatu ta ƙi ɗan Halimatu Sa'adiya saboda hancinsa."

"Ba saboda hancinsa ba ne, Mama!"

"Na gaya masa minsharinka, Lurwanu. Bawan Allah yana kwance lafiya, wata tsohuwa daga Madina ta hana shi sakat."

Dariya ta kufce mata, irin wadda ke girgiza kafaɗa. Baba ya fara taya ta cikin jin sauƙi. Innayatu ce ta ga lokacin da dariyar ta juye. Mama ta dafe bakinta da hannu biyu, kukan ya fito daga can ƙasa, ta koma Rashanci tana kiran yayarta da sunan da take kiran ta suna yara, tana cewa na wuce ki, kina tsaye a gefe na wuce ki, na sa almakashi na yanke ki. Innayatu ta rungume gwiwoyinta, su biyu suka yi ta yi, tolma na bushewa a faranti.

Da kukan ya lafa sai fushi ya taso a madadinsa.

"Laifin yarinyar nan ne. Wa ya aike ta? Seda da Rashanci ta yi karatu, da shi ta yi aure, da shi ta yi mini faɗa shekara sittin. Ko a kabari ba za su bar ta da harshenta ba? Sun ɗauke ta sun sa mata rigar da ba tata ba, don kada ni in gane ta!"

"Ba Nare ce ta zaɓa ba, Mama."

"To wa?"

Innayatu ta ciro wayarta. Ta san nan ne wurin da ya fi zafi, ta kuma san in ta tsaya a nan gara da ba ta fara ba.

"Yana cikin saƙo na huɗu, wanda ba ki buɗe ba. Ta sake turo mini shi jiya. Anti Seda ce ta bar wasiyya a rubuta da Armeniyanci. Ta koya, Mama. Lokacin da aka sa Nare a makaranta, kullum ita ke raka ta yin aikin gida, sai ta sayi littafi irin na yarinyar ta riƙa bi a baya. Tana da shekara hamsin da biyar. Nare ta ce daga baya har jarida take karantawa, tana bi da yatsa."

"Ƙarya ne. Da ta gaya mini."

"Ta hana a gaya miki." Innayatu ta karanta a hankali, tana juya Turancin zuwa Rashanci. "Ta ce, ƙanwata tana can nesa a cikin Larabawa da baƙaƙen mutane masu kirki, ba ta da ɗakin da za ta shiga ta zama 'yar gidanmu sai Rashanci. In ta ji na fita daga ɗakin, za ta ga an bar ta ita kaɗai. Don haka duk Asabar nakan koma in zauna da ita."

Mama ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta miƙe da ƙyar, ta tafi taga, ta tsaya tana kallon hasumiyoyin masallacin Ƙuba da rana ta fara yi wa ja.

"Kowa yana lallaɓa ni," ta ce, ba ta juyo ba. "Miji yana lallaɓa ni. Yaya tana lallaɓa ni har cikin kabari. Kamar ƙwai."

"Ni ban lallaɓa ki ba."

"Ke ai ba ki da kunya, halin dangin ubanki ne."

"Ahaf," in ji Baba a hankali. "An dawo kaina."

Innayatu ta tashi ta je ta tsaya kusa da ita. "Mama, ba cewa na yi ki yar da Rashanci ba. Da shi nake cin abinci, da shi kika yi mini waƙar barci. Amma mutanen da kike shiga ɗakin nan dominsu sun tashi. Saura yarinya guda, tana tsaye a waje tana ƙwanƙwasawa, ta kusa gajiya."

"Shekarata sittin da uku. Kan da ya ɗauki Hausa da Larabci, ina sauran wuri a cikinsa?"

"Na duba yau. Darussan Armeniyanci masu kyau duk don masu jin Rashanci aka yi su, saboda irinku suna da yawa, a Mosko da ko'ina. Ba da Hausa za ki koya ba, ba da Larabci ba. Abin da kike da shi a hannu, shi ne tsanin."

"Na yi rantsuwa."

"Kafin ki musulunta kika yi ta," in ji Baba. "In ma tana nan, azumi uku ne. Zan taya ki biyu."

"Ana taya azumin kaffara, Dakta?"

"To zan taya ki buɗa-baki."

Mama ta yi tsaki, amma gefen bakinta ya motsa. Ta dawo ta zauna, ta ture farantin gefe.

"Ina cikakken hoton? Wanda ban yanka ba."

Innayatu ta buɗe shi ta miƙa mata, ta kai yatsa za ta nuna. Mama ta buge hannun.

"Na ji na dama ne. Ba ji nake so ba. Lurwanu, rubuta mini sunanta, manya-manya. Ba irin rubutunku na likitoci ba."

Ya laluba aljihu ya ciro biro, ya juya bayan wata takardar magani. Shekaru sun yi nisa rabonsa da rubuta haruffan nan. Ya zana harafin farko, mai kama da kofin shayi da aka bari a buɗe. Ya zana na biyu da na uku, ya ƙare da wani mai ƙafa uku a sama kamar murhun da aka kifar.

Mama ta sa tabaranta. Ta ɗora takardar a gefen wayar, ta buɗa hoton da yatsu biyu har dutsen toka ya cika fuskar. Idonta na zuwa takarda, yana komawa dutse. Daga nesa aka fara gwada lasifikar masallaci.

"Ga kofin," in ji Mama can ƙasan maƙoshi. Yatsanta ya matsa. "Ga wannan. Ga wannan." Ta tsaya a kan na ƙarshe ta shafa shi kamar tana shafa kumatu. "Seda. Ga ki nan, munafuka. Kin koya ba ki faɗa ba."

Ta ja hanci, ta ƙara matso da wayar. A ƙarƙashin sunan, daf da inda furanni suka fara, akwai layi guda na ƙananan haruffa.

"Wannan fa?"

Baba ya leƙa. "Haruffan zan iya furtawa. Ma'anar ta fi ƙarfin Armeniyancin kasuwa."

"Bari in sa manhajar," in ji Innayatu. "Minti ɗaya."

Mama ta kife tafin hannunta a kan hoton. Ta dubi 'yarta, ta dubi mijinta, idanunta jajur amma a bushe, ta ɗaga murya yadda ko Iyatu a gidanta sai ta ji.

"Kada wanda ya karanta mini. Ba ke ba, ba shi ba, ba waya ba. Ni zan karanta shi da idona, ko zai ci mini shekara. Ki rubuta wa Nare yanzu, kafin a kira magariba, ki ce mata ta samu ɗaliba."